Manuwar da Muka Ƙera a Chow Kit

Ranar Laraba, sha takwas ga watan Maris na 2020, shiru ne ya tashe ni daga barci. Gidanmu yana hawa na tara a wani dogon bene da ke gefen kasuwar Chow Kit, a Kuala Lumpur, kuma tun da na yi wayo ban taɓa buɗe ido da safe ban ji ƙarar babura da hon ɗin motocin da ke kai kifi da ganye kasuwa ba. Ran nan kuwa har kukan tsuntsaye nake ji. Na fito falo da kayan barci, sai na tarar da kakana, mahaifin Abba, wanda muke kira Baba Tsoho, tsaye a baranda cikin farar jamfa da hula, ya dafa ƙarfe yana leƙen titi. Jirgin nan mai tafiya a sama kan dogo ɗaya ya zo ya wuce ta gabanmu, kujerunsa duk a wofi. Baba Tsoho ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Amarya, mutanen garin nan ina suka tafi ba su gaya mana ba?" Shekarata goma sha biyu a lokacin, Hausar bakina kuma ba ta taka kara ta karya ba, sai na haɗa abin da na iya na ce masa, "An kulle gari, ke ma ba za ki fita ba." Ya riƙe haɓa ya ce, "To, ga cuta a gari, ga shi kuma an wayi gari na zama mace."

Baba Tsoho manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi. A watan Fabrairu Abba ya kawo shi aka yi masa aikin yanar ido, aikin kuma ya yi kyau, har yana cewa sai yanzu ya gane jikokinsa ba su kai kyan da ake ba shi labari ba. Shirin da aka yi shi ne ya koma gida ƙarshen Maris, ya tarar da sharar gona kafin ruwan shuka. Sai ga annoba, aka soke jirage, aka rufe filayen jirgin sama na gida, tsoho ya maƙale a cikin ɗakuna uku tare da mu. Ni da ƙanena Sadiƙ, mai shekara shida, a nan muka tashi. Abba yana koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta, Umma kuma tana saro hijabai da yadudduka a kasuwar unguwar Masjid India tana aikawa Kano. Da Turanci da Malay muke magana a makaranta da wurin wasa, in Umma ta yi mana Hausa mu amsa da abin da ya zo bakinmu. Don haka kafin kullen, tsakanina da kakana gaisuwa ce kawai da tsokanar da yake min ta cewa ni amaryarsa ce amma ban iya dama fura ba.

Makonnin farko sun zo mana kamar hutu. Doka ta ce mai gida kaɗai zai fita cefane, sai Abba, wanda bai taɓa sanin bambancin alayyafo da ganyen kangkung ba, ya zama ɗan kasuwa dole. Zai sa takunkumi ya tafi, can sai wayar Umma ta yi ƙara, ga shi a hoto ya ɗaga wani ganye yana tambaya, ita kuma tana cewa, "Malam, wannan ai ganyen naɗe abinci ne, ajiye musu abinsu." In ya dawo ni ce mai goge ledoji da ruwan sabulu, Sadiƙ kuma mai jera gwangwanaye. Umma ta fi kowa shan wahala, domin kunyar suruki ba ta san gida ya yi ƙanƙanta ba. Tun safe har dare tana cikin hijabi a wannan zafin, in za ta wuce falo sai ta rusuna, shi kuma ya kau da kai ya shiga duban silin kamar an rubuta masa wani abu a can. Karatu ya koma cikin kwamfuta. Nakan zauna da rigar makaranta a sama da wandon barci a ƙasa, malama tana kiran suna, Baba Tsoho ya leƙo ta bayana ya yi wa 'yan aji sallama, su kuma su amsa da ihu. Da yamma mu yi ƙwallo da safa a tsakar falo, ko mu yi 'yar ɓuya a gidan da maɓoyarsa ba ta wuce bayan labule da ƙarƙashin gado ba.

Da Afrilu ya kama sai abin ya daina zama wasa ga Baba Tsoho. Aka bugo waya daga gida aka ce hadari ya fara haɗuwa, ba a kai taki gona ba, wanda aka bar wa shanun huɗa kuma ya yi sakaci. Kullum yana jin kiran salla daga masallatan unguwar Kampung Baru da ke kusa da mu, amma ladan yana ƙarawa da cewa kowa ya yi a gidansa, wannan kuwa ya fi komai taɓa shi, shi da ya saba da sahun gaba. Ya daina fita baranda. Ya daina tsokanata. Umma ta tuƙa masa tuwon shinkafa da miyar kukar da shi da kansa ya zo mana da ita tsaraba, ya yi loma biyu ya wanke hannu. Jamfarsa ta fara yi masa yawa. Abba yana auna masa jini safe da yamma, asibiti kuwa a lokacin wuri ne da kowa yake addu'ar kada ƙafarsa ta taka. Wata rana Abba ya ja ni kicin ya ce, "Jidda, ki riƙa zama kusa da shi, ko ba ki ce komai ba." Na riƙa zama, amma zaman kurame muke yi, shi yana jan carbi yana kallon bango, ni ina kallon ƙafafuna.

Sadiƙ ne ya warware mana, ba tare da ya sani ba. Wata azahar yana kwance a kan kafet yana kallon wani tsohon hoton yaƙi, baƙi da fari, a kwamfutar hannu. Wasu manyan jiragen ruwa ne suke keta teku a jere, hayaƙi yana tashi, bindigoginsu suna juyawa. Sai muka ji murya daga kan kujera, da ƙarfin da muka kwana biyu ba mu ji ba: "Manuwa! Kai yaro, kawo nan in gani!" Ya karɓi kwamfutar ya kai ta kusa da sabon idonsa. Na tambaye shi mece ce manuwa, ya ce jirgin ruwan yaƙi ne, babban cikinsu, kuma mahaifinsa ya gan ta da idonsa. A nan muka fara jin labarin kakan Abba, Malam Ɗanjuma, wanda Turawa suka ɗauka soja lokacin yaƙin Hitila. An kai su Ikko a jirgin ƙasa, aka zuba su a jirgin ruwa za a kai su yaƙin Bama, mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba. Sun yi ta amai har suka zaci ransu ne zai fita. A wata tashar jiragen ruwa can kudancin Afirka ne suka wayi gari suka ga wani abu toka-toka kusa da su, wanda Malam Ɗanjuma ya fara zaton tsauni ne, sai da ya ga mutane suna shanya a kansa. Bututun hayaƙinta ɗaya, igwa kuma biyu-biyu a cikin wasu ɗakunan ƙarfe masu juyawa, gaba da baya. Wani bature ya ce musu tsohuwa ce, tun yaƙin farko aka ƙera ta, ba ta da gudu, shi ya sa aka ba ta aikin rakiya. "Baba ya ce ranar da suka ga tana tafe a gefensu, ranar ya fara barci a kan teku," in ji Baba Tsoho. Ya ƙara da cewa bakin igwarta raƙumi zai shige da kayansa.

Wannan na raƙumin ne ban yarda ba, daga nan kuma gardama ta ɓarke, wadda ta ɗauke mu makonni. Na shiga bincike a kwamfuta da Turanci, ina juya masa da guntuwar Hausata, shi kuma yana ba ni kalmomin da na rasa. Shi ya koya min igwa, da sulke, da farfela, da nakiya. Na nuna masa hoton wani ma'aikacin jirgi ya leƙo da kai daga bakin igwa, na ce ga shi, mutum ɗaya ne ya shiga, da ƙyar ma. Ya daɗe yana duba, sannan ya ce wataƙila raƙuman wancan zamanin ƙanana ne. Na karanta masa yadda a shekarar 1906 Ingila ta ƙera wani jirgi mai suna Dreadnought, wanda bakin Baba Tsoho ya mayar Darnoti, aka daina cakuɗa manya da matsakaitan bindigogi, aka jera manya zalla masu girma ɗaya, aka kuma sa masa sabon irin injin tururi, har duk jiragen da suka riga shi suka zama tsofaffin yayi rana ɗaya. Na gaya masa da kwal suka fara tafiya, mutane suna sheƙa shi da shebur a cikin zafin da ya fi na maƙera, kafin a koma mai. Ya fi son jin batun sulke, yadda ake kaurara ƙarfe daidai inda ruwa yake taɓa jikin jirgi, da yadda ake raba cikinsa ɗaki-ɗaki don in ruwa ya fasa ɗaya kada ya cinye sauran. Mun yi ta duban hotuna muna neman wadda Malam Ɗanjuma ya gani, muka samu 'yan uwan juna da yawa masu bututu ɗaya, amma ba mu taɓa sanin wacce ce ba. Ana cikin haka wata rana ya dubi tulin kwalayen da ake kawo mana kaya a ciki, ya ce, "Amarya, mu da muke zaune ba aikin fari, me zai hana mu ƙera tamu?"

Ta farko da kwali muka yi ta, muka naɗe da salatif. Baba Tsoho ya dage sai an yi mata doguwar hasumiya da igwa ta tsofaffin batura, don a ji tsoronta. Ni kuma na dage sai ta zama siririya, don na karanta cewa siririn jirgi ya fi gudu. Kowa ya samu abin da yake so. Muka cika babban bahon wankin Umma a banɗaki, Sadiƙ yana busa ƙaho da baki, Baba Tsoho ya yi bisimilla ya ɗora ta a kan ruwa. Ta tsaya cak kamar mai tunani, sannan a hankali ta kwanta gefe, ta juya ciki sama, baturan suka zube ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na ce hasumiyarsa ce, ya ce ramar jirgina ce, muka yi ta musu har dariya ta ƙwace masa, ya zauna a bakin ƙofar banɗaki yana share hawaye da hula. Ran nan ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, Umma kuwa ta koma kicin ta yi kuka ba sauti. Ta biyu mun yi mata faɗi, muka lulluɓe ta da murafen gwangwani ta ko'ina saboda sulke, ita ko kifewa ba ta yi ba, ta nufi ƙasan baho kai tsaye kamar an aike ta. A nan muka gane da hannunmu abin da na karanta ban fahimta ba, wato igwa da sulke da gudu ba sa samuwa duka yadda ake so, in ka ƙara ɗaya sai ka rage wani. Baba Tsoho ya girgiza kai ya ce, "Ashe jirgi ma jaki ne, sai an san yadda aka ɗaura masa mangala."

Bugun gwangwanin da muke yi a baranda ne ya jawo mana maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Malay da muke kira Atuk Daud, wato Kaka Daud. Barandarsa tana manne da tamu, bango ne gajere a tsakani. Shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa, 'yarsa da jikokinsa suna can Kuantan, a gabar teku ta gabas, dokar hana tsallaka jiha kuma ta raba su. Ya leƙo da farar hularsa ya tambaye ni da Malay me muke ƙerawa. Da na gaya masa sai ya jawo kujera. Daga ranar na zama tafinta tsakanin tsofaffi biyu, in ɗauko daga Malay in sauke a Hausa, in ɗauko daga Hausa in sauke a Malay, in na rasa kalma su ƙarasa da hannu. Atuk ya ce yana ƙaramin yaro a wani ƙauyen masunta kusa da Kuantan, a watan Disambar 1941, jiragen saman Japan suka nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila biyu a can cikin teku, ɗaya sabo, ɗaya kuma tun na yaƙin farko. Shi bai ga komai ba, abin da ya riƙe shi ne mahaifinsa ya daina fita su, da fuskokin manya da suka canza, don kowa ya ɗauka babu abin da zai iya taɓa irin waɗannan jiragen. Da na juya wa Baba Tsoho sai ya ajiye gudumar hannunsa. Bai taɓa jin an ce manuwa tana nutsewa ba. Ya tambaya ko da mutane a ciki, Atuk ya ce da yawa, samari ne, wasu an tsamo su, wasu suna can har yau. Baba Tsoho ya ce, "Su ma 'ya'yan wasu ne." Na juya wa Atuk, ya gyaɗa kai, suka zauna kowa yana kallon rufin gidajen Kampung Baru har aka kira la'asar.

Azumi ya kama mu muna kan ta uku. A shekarar babu kasuwar buɗa-baki da muka saba zuwa, sai kwanuka suka riƙa tsallaka bangon baranda, kunun gyaɗa da ƙosan Umma su tafi, kunun shinkafa mai nama da 'yan kayan zaƙin Atuk su dawo. Wannan karon ba mu yi gaggawa ba. Mun jera robobin ruwa marasa komai, kowace da murfinta a ɗaure, suka zama ɗakunan da ruwa ba ya shiga. Muka kwashi tsakuwar tukunyar fulawar Umma muka shimfiɗa a can ƙasa don nauyi ya zauna inda ya kamata. Baba Tsoho ya yanka gwangwanayen madara ya buge su suka miƙe, muka yi mata ɗamarar sulke a daidai layin ruwa kaɗai. Igwa kuma da bututun shan lemo muka yi, biyu-biyu a kan murafen kwalba, na soke su da tsinken tsire yadda za su juya. Atuk ne ya ce a ƙara mata kumburi a gefe da gefe, kamar yadda muka gani a hotuna an yi wa tsofaffin jirage saboda nakiya, ya kuma miƙo mana ragowar fenti mai ruwan toka da kyandirori, muka narka muka toshe duk wata kafa. Tsawonta ya kai daga kafaɗar Baba Tsoho zuwa yatsunsa. Da aka zo sa suna ya ce ba wani suna sai Hajiya Kulu, sunan kakata da ke gida, domin a cewarsa tana da nauyi, ba ta gaggawa, in kuma ta buɗe baki kowa sai ya nemi wurin ɓuya. Sadiƙ ya kai rahoto a waya. Muna ji Hajiya tana cewa, "Alhaji, ido aka ce a gyara maka ko hankali aka taɓa? Ni ce gwangwani?" Shi kuma yana ta rantsuwa cewa girmamawa ce.

Ranar Sallah muka yi idi a falo, Baba Tsoho ya ja mu. An sassauta doka kaɗan a lokacin, maƙwabta na iya gaisawa daga nesa-nesa. Hajiya Kulu ta fi ƙarfin baho, sai Atuk ya fito da wani tafkin roba mai hoton kifaye da ya saya wa jikokinsa, waɗanda bana ba su zo ba. Abba ya hura shi har jijiyoyin wuyansa suka tashi, muka shimfiɗa shi a farfajiyar da ke tsakanin ƙofarmu da ta Atuk, muka yi ta jido ruwa a bokiti daga gidajen biyu. Kowa yana cikin kayan Sallah da takunkumi, Umma tana laɓe a bakin ƙofa, wasu maƙwabta sun leƙo daga nasu ƙofofin. Ni da Baba Tsoho muka kama ta, shi gaba ni baya. Muka sake ta. Ta ɗan yi rangaji, ta nutsa daidai inda ɗamarar gwangwanin take, ta tsaya a miƙe. Atuk ya tafa yana cewa "Boleh! Boleh!", wato ta iya. Muka ɗaura mata zare, muka yi mata lodin dabino da cincin, na ja ta daga gaɓarmu zuwa gaɓar Atuk, shi kuma ya sauke ya ɗora mata dunƙulen shinkafar Sallah da suke dafawa a cikin ganye. Sai na ga Baba Tsoho ya zaro wani ɗan jirgin takarda daga aljihu, wanda ban san lokacin da ya naɗe shi ba, ya ajiye shi a gefenta, ya ce a hankali, "Ga jirgin su Baba nan, ki raka su." Abba ya kau da kai yana gyara takunkuminsa.

Ba mu ankara ba ashe Sadiƙ ya ji labarin Atuk da kyau, kuma ya kwana biyu yana tara jiragen sama na takarda a ƙarƙashin gado. Sai ga shi ya fito da gudu yana kukan injin, ya fara ruwan jirage a kan Hajiya Kulu. Atuk ya miƙe yana ihu da Malay a tare shi, Baba Tsoho ya cire hula yana kaɗe jirage a sama kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero, yana cewa, "Ba dai a gabana ba!" Sadiƙ ya zagayo don ya kawo hari ta baya, santsin ruwan da muka zubar ya kwashe shi, ya faɗa cikin tafkin gaba ɗaya da sabuwar shaddarsa. Igiyar ruwa ta tashi ta haye kan jirgin, ta share dunƙulen shinkafar, Hajiya Kulu ta kwanta gefe har muka ga tsakuwar cikinta. Sai ta dawo a hankali, ruwa yana tsiyaya daga igwarta, ta sake tsayawa a miƙe, ɗan jirgin takardar ma yana nan ya maƙale a gefenta. Tsofaffin nan biyu suka manta da annoba, suka manta da doka, suka kama hannun juna suna girgizawa, kowa yana magana da harshensa, ba wanda ya nemi tafinta. Abba yana bin su da kwalbar man wanke hannu yana cewa, "Baba, don Allah! Atuk, don Allah!" Umma kuwa ta manta da kunyar suruki, tana dariya har da riƙe ƙofa.

Damina ta yi nisa kafin a samu jirgin da ya kwashi 'yan Najeriya zuwa gida. Baba Tsoho ya tafi da kumatunsa, jamfarsa ta dawo daidai jikinsa, ya tarar maƙwabta sun shuka masa gonar, dawa har ta kai gwiwa. Ya so ya tafi da Hajiya Kulu don mai sunan ta gani, amma ba ta shiga akwati ba, sai ya bar wa Atuk ita amana. A shekara ta biyu, lokacin da cutar ta dawo da ƙarfi, Atuk Daud ya kwanta asibiti bai fito ba. Ni na buga wa Baba Tsoho waya na gaya masa, da Hausar da ta ishe ni faɗin irin wannan magana. Ya yi salati, ya ce zai sa a yi masa addu'a a masallacin ƙauye bayan sallar Juma'a, kuma an yi, mutanen da ba su san inda Kuantan take ba suka ɗaga hannu suka roƙa wa wani ɗan masunta gafara.

Yanzu ina jami'a, ina dawowa gida ƙarshen mako. Chow Kit ta koma hayaniyarta, jirgin saman dogo yana wucewa cike da mutane har bakin ƙofa, wasu baƙi ne a gidan Atuk, muna haɗuwa a lif mu yi wa juna murmushi ba mu san sunan juna ba. Abba yana fita tun safe, Umma tana Masjid India, Sadiƙ ya yi tsawo ya shige ɗaki da wayarsa. Baba Tsoho yana nan da ransa, ƙafa ce dai ta fara ba shi wahala, mukan yi waya in layi ya yi kyau, minti kaɗan, kowa yana da abin da yake jiransa. Jirage suna tashi kullum, hanya a buɗe take ta ko'ina, amma tun daga wancan lokacin ban ƙara samun wanda ya zauna da ni tun hantsi har la'asar muna gardama a kan abin da ba zai amfani kowa ba sai mu. Ba na fatan annoba ta dawo, Allah Ya kiyaye. Sai dai a cikin wannan kullen ne na san kakana.